Makwancin da Hambali Ya Ɓoye

A ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure, in ka ce Hambali sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Hambali mai bin tsuntsu, kowa zai nuna maka ƙofar gidansa. Dogo ne siriri, ƙafarsa duk faso, kuma ba ya ɗaga murya ko da akuya ta shiga masa rumbu. Sana'arsa kuwa kisa ce, kada ma mu tsaya kwana-kwana. Shi ne ke gano inda jan baki ke kwana, ya nuna wa manoma, su zo su ƙone su.

Wanda bai taɓa noma alkama a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ba bai san jan baki ba. 'Yar tsuntsuwa ce da ba ta cika tafin hannu ba, sai dai ba ta zuwa ita kaɗai, garke guda ya isa ya rufe rana. Da alkama ta fitar da kai, ƙwayar tana da ruwa-ruwa, sai su sauka a kai kamar an zazzage buhu, su tashi su bar maka kara tsaye. Manoma su yi ta ihu tun asuba, su ja igiya mai gwangwanaye, su yi ta wurga majaujawa har kafaɗa ta sage, duk a banza. Magani ɗaya ne aka sani a nan. A gano makwancinsu, a bari su shiga da magariba su natsu, a zagaye wurin da fetur da tsofaffin tayoyi, sannan a ƙyasta ashana ta inda iska ke tasowa.

Hambali bai zaɓi wannan aiki ba, gado ya yi. Ubansa maharbi ne mai saurin hannu, kuma da mari ya koya masa tafiya a daji. Ka taka busasshen ganye ya yi ƙara, mari. Ka yi tari kusa da tsuntsu, mari. Ranar da aka fara kai shi ƙona makwanci yana ɗan ƙarami, ya ga tsuntsaye na tashi da wuta a jikinsu suna faɗowa kan mutane, ƙaurin gashi ya cika masa hanci, ya durƙusa ya yi amai. Uban ya sa ƙafa ya hankaɗe shi cikin laka, ya ce ya tashi ya riƙe buhu. Washegari mata suka zo da kwanuka suna tsintar waɗanda ba su ƙone ƙurmus ba, aka soya aka kai bakin titi. Tun daga ranar bai ƙara sa naman jan baki a bakinsa ba, amma aikin ya iya shi fiye da uban. Ladansa shi ne in an yi girbi kowane manomi ya auna masa abin da ya sawwaƙa.

To, aikin bin jan baki ɗan lokaci ne, ƙarshen sanyi kawai, sa'ad da alkama ke nuna. Amma Hambali tun sanyi ya fara shiga, ana sallame sallar asuba yake ɗaukar sandarsa ya fice. Matarsa Kulu ta gaji da magana.

"Malam, mutane na neman wuta su ji ɗumi, kai kana neman bakin ruwa. Tsuntsayen nan sun taɓa tambayar lafiyarka?"

Sai ya yi murmushi ya yafa bargo. Yakan bi gefen babban kanal har inda ruwa ke rabuwa, ya ratsa ta gonakin tumatir, ya shiga ɗan kurmin gawo, ya fita ya hau wani dutse da ke kallon fadama. Nan zai zauna ya yi ta kallo. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar wanda aka yi wa laifi. Kirinjijiya na zuwa da fito, dinya na sauka da nauyi, shaho na shawagi yana jiran wanda zai yi sake. Akwai kuma baƙi, ƙananan agwagin ruwa da wasu masu dogayen ƙafafu, waɗanda ba a ganin su sai da sanyi, zafi na shigowa su ɓace. Bai san daga wace ƙasa suke zuwa ba, kuma babu wanda ya san sunansu, shi ya raɗa musu nasa. Mutumin da ya nuna makwantan da ba sa ƙirguwa aka ƙone, shi ne zai yi rabin safiya a tsugune don kada ya tashi wata 'yar tsuntsuwa daga kalacinta. Ba ya ganin wani saɓani a cikin haka, ko kuma yana gani bai faɗa wa kowa ba.

A sanyin da nake ba da labari, ya sauko bayan dutsen nan, inda rarar ruwan kanal ke taruwa ta zama tafki. Kacala, doguwar ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsawo, ta zagaye tafkin ta rufe shi ruf, rabinta ta bushe. Ya kutsa ta wata 'yar hanyar shanu, ya leƙa. Gauraki biyu ne tsaye a kan wani tudu a tsakiyar ruwa, mace da namiji, da tukkunsu mai ruwan zinariya. Rabonsa da ganin gauraka a sake tun ubansa na da rai. Masu tarko sun kwashe su kaf, sun sayar wa masu kuɗi ana ajiyewa a tsakar gida da yankakken fiffike. Hambali ya zauna a cikin laka, dattijo da furfurarsa, hawaye na zubo masa.

Daga ranar bai ƙara fashin zuwa ba. Kullum yakan matsa kusa kaɗan, ya watsa 'yar shinkafa mai ɓawo, ya zauna bai motsa ba. Kafin sanyi ya yi nisa sun daina ɗaga kai in ya iso. Yakan ga namijin yana tsalle yana buɗe fiffike a gaban macen, ita kuwa tana kiwonta kamar ba da ita ake ba. Kulu kaɗai ya gaya wa, ita ma sai da ya sa ta rantse, don ya san in labari ya kai kasuwar Kura, kafin Juma'a tarko ya iso.

Sai jan baki suka zo, kuma a shekarar sun zo da yawan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Mudassiru, shugaban manoman layin kanal ɗin, wani ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji da ba ya jiran a gama magana, ya aiko a ce wa Hambali ya fara aiki. Da la'asar sakaliya Hambali ya hau dutse ya zuba ido. Garkunan suka taso daga gonaki, suka haɗu suka zama baƙin hadari, suka yi yamma, suka karyo, suka zo ta saman kansa da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Yana kallo suka tsiyaye cikin kacalar tafkinsa, har ciyawar ta rusuna don nauyi.

Ya sauko ya nufi gari. A bakin masallaci Mudassiru ya tare shi.

"Malam Hambali, ina suka nufa?"

"Sun yi wajen Garun Mallam. Duhu ya raba mu."

Ƙarya ce, kuma ita ce ta farko da ya taɓa yi a kan aikinsa. Ya gaya wa kansa jan baki ba su da amana da wurin kwana, wani lokaci sukan canza makwanci da kansu, bari ya ɗan ja lokaci. Washegari ya ce sun rabu biyu. Wanshekare ya ce idonsa ne ya fara rauni. Yana faɗa yana jin kunya kamar ya nutse, amma da safe in ya ga gaurakin a kan tudunsu sai ya ji zai iya ƙara kwana ɗaya.

Abin da ya sa ƙaryar ta yi muni shi ne Nasiru. Ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Hambali ne ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya yi masa aure. A shekarar Nasiru ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi, ya kama gona ya zuba alkama, kuma gonarsa ce ta fi kowace kusa da dutsen. Jan baki in sun tashi da safe da ita suke karya kumallo. Nasiru ya yi ihu har muryarsa ta dushe, igiya ta tsattsage masa tafin hannu, matarsa da cikinta ta fito tana buga tasa. Wata safiya Hambali ya zo wucewa, Nasiru ya tsinko kan alkama guda ya miƙa masa, babu ko ƙwaya a jiki.

"Yaya, dubi. Don Allah ina suke kwana?"

"Ban gano ba tukuna."

"Kai ne ba ka gano ba, Yaya?"

Hambali ya kau da kai ya wuce. A gida Kulu ta ajiye masa tuwo ta tsaya a kansa, ba ta zauna ba. "Malam, na rantse maka ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma alkamar ƙaninka ce ake cinyewa, kuma matarsa ta kusa haihuwa. Ka ji tsoron Allah." Ya tura kwanon gefe bai ci ba.

Mudassiru ba yaro ba ne. Da ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai wata yamma ya bi sawun Hambali daga nesa, ya hau dutsen ta ɗaya gefen, ya ga abin da Hambali ke gani kullum. Washegari bayan azahar, a gaban jama'a, ya shaƙo wuyan rigar Hambali ya buga shi da katangar masallaci har hularsa ta faɗi.

"Tsohon banza. Muna ci da kai, kana kallo ana cinye mu. Ga su nan a bayan dutse, kullum a kansu kake zaune."

Ya kwaɗa masa mari, leɓe ya fashe. Hambali bai kare ba. Idonsa na kan Nasiru, wanda ke tsaye a gefe ya sunkuyar da kai, bai ce a bari ba. Nan dai ya faɗi gaskiya, ya ce akwai gauraki biyu a tafkin, ya roƙi a ba shi zuwa gobe da hantsi, in jan baki sun fita kiwo ya shiga ya kori gaurakin, sannan a ƙone da magariba. Mutane suka yi dariya mai ɗaci. Wani ya ce ashe saboda kaji masu hula aka bar su da yunwa.

"Yau za a ƙone," in ji Mudassiru. "Ka ci mana kwanaki da yawa. In na ga ƙafarka kusa da wurin, wallahi sai na karya ta."

Ai kuwa Hambali bai ji ba. Rana na yin ja ya zaga ta kurmin gawo, ya sauko ta bayan dutse, ya shiga 'yar hanyar shanun da rarrafe. Jan baki na ta kwararowa a samansa, kashinsu na zubo masa a ka. Ta ɗaya gefen yana jin motsin mutane, suna jan tayoyi a hankali, suna magana ƙasa-ƙasa. Niyyarsa ba ta wuce ya tashi gaurakin shiru, ba tare da ya firgita makwancin ba, su tsira, alkamar Nasiru ma ta tsira. Ya ɗauka abu ne mai sauƙi, don duk rayuwarsa abin da ya sani shi ne tsuntsu na gudun mutum.

Ya shiga ruwa har cinya, ya nufi tudun a tsaye, ba ɓoyo. Gaurakin suka dube shi, suka ci gaba da gyaran gashinsu. Ya cire bargo ya kaɗa. Namijin ya matsa taku biyu ya tsaya, yana leƙen hannunsa ko ya zo da shinkafa. Ya watsa musu ruwa, suka girgije. Innalillahi, shi ya koya musu kada su ji tsoronsa, kuma sun koya da kyau. Tafi ba dama, ihu ba dama, jan baki na kewaye da shi ta ko'ina. Sai iska ta kawo masa warin fetur, mai ƙarfi, kusa.

Nan hankalinsa ya gushe. Ya ɗaga sandarsa ya wurga, da nufin ta faɗi a gabansu. Amma hannun ɗan maharbi ne, bai iya kuskure ba. Sandar ta sami macen a gindin fiffike, ya ji ƙas kamar an karya kara. Macen ta kife a laka. Namijin ya tashi sama ya saki kuka, kukan gauraka kuwa kamar kakaki yake, ana jinsa daga ƙauye zuwa ƙauye. Kacalar gaba ɗaya ta girgiza, jan baki suka tashi lokaci guda, sama ta yi baƙi.

Da na waje suka ga makwanci na tashi, wani bai jira umarni ba ya ƙyasta ashana, alhali ba a gama zagayewa ba. Wuta ta yi wani gurnani ta miƙe. Waɗanda suka makara a cikin jan bakin suka kama, suna tashi ja suna faɗowa cikin ruwa suna cuwi, amma mafi yawa sun fice ta gefen da babu fetur. Agwagin ruwa da zalɓe da sauran baƙin Hambali duk suka tashi da kansu suka tsere, babu wanda ya taimake su. Abin da ke ci masa rai ke nan har yau, da ya zauna a gida, da wutar da kanta ta tashi gaurakin su biyu da fiffikensu lafiya.

Ya rarumi macen ya rungume. Ta sa baki ta tsage masa kunci, ta sa ƙafa ta yage masa ciki, bai sake ta ba. Hanyar shanun ta riga ta kama, sai ya sunkuya ya keta ta inda wutar ba ta yi kauri ba. Rigarsa ta kama daga baya, gemunsa ya babbake, gashin tsuntsuwar na ci a hannunsa. Ya faɗo waje a gaban mutane, ya yi birgima a taɓo.

Ba su tsaya tambaya ba. Sun ga fetur ɗinsu ya tafi a banza, sun ga jan baki sun tsira, ga kuma wanda ya jawo. Wanda ya fara kai masa duka Nasiru ne, da ƙotar fartanya, a kafaɗa. Sai sauran suka rufe shi. Sanda, ƙafa, dunƙulen ƙasa, wani har da jarkar da aka juye fetur ɗinta. Mudassiru ya cika alkawarinsa, ya taka masa ƙauri da dukan ƙarfinsa. Hambali ya duƙunƙune ya sa kansa tsakanin gwiwoyi, bai yi kuka ba, bai roƙi kowa ba. Ya ji haƙorinsa a kan harshensa ya tofar. Sai da jini ya rufe masa fuska sannan Nasiru ya jefar da ƙotar, ya shiga tsakani ya buɗe hannuwa.

"Ya isa. Yayana ne. Duk wanda ya ƙara taɓa shi da ni zai yi."

Aka ja baya ana haki. A nan ne suka lura da gaurakar. Tana gefe tana jan jiki a ƙasa, fiffike ɗaya na reto, rabin jikinta ya ƙone har fata, tukkun ya narke. Tana buɗe baki ba sauti. Can sama da hayaƙi namijin na zagayawa yana kira. Wani dattijo a cikin manoman ya ce a yanka ta kafin ta zama mushe, azabar ta isa haka.

Nasiru ya zaro wuƙa daga ƙugunsa. Ya dubi tsuntsuwar, ya dubi yayansa, sai ya durƙusa ya kamo hannun Hambali da ya saɓule, ya danƙa masa.

"Kai ka karya ta, Yaya. Kai za ka ƙarasa."

Hambali ya ja jiki ya isa gare ta. Ko a lokacin ba ta guje shi ba. Ya juya ta gabas, ya taka ƙafafunta da gwiwarsa mai lafiya, ya shafa dogon wuyan sau ɗaya, ya yi bisimilla ya yanka. Jinin ya feso masa a hannu da ɗumi. Ta yi shure-shure ta lafa, shi kuwa ya zauna riƙe da kanta, ya kasa saki.

Nasiru ya karɓi wuƙarsa ya goge a ciyawa. Muryarsa a dushe take, da ƙyar ake ji.

"Saura kusan rabin gonar, Yaya. Jan bakin sun koma wani wuri, kuma babu mai gano shi sai kai. Gobe da la'asar zan zo in goya ka zuwa kan dutse."

Washegari Nasiru ya zo, ya goya shi. Kafin a kira magariba Hambali ya ɗaga hannunsa mai naɗe da tsumma, ya nuna wa manoma sabon makwancin.